Wa Zai Ɗiga wa Lurwanu Magani

Zulaihatu ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba. Ɗan fari ne, kuma a rugarsu da ke gabas da Tchaké, matar da ta san kanta ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, balle ta yi masa wasa. Sunansa Lurwanu, amma a bakinta "yaron nan" ne. Nono kaɗai ke haɗa su, shi ma sai ta kau da kai kamar wadda aka tilasta wa. Sauran hidima duk ta Gwaggo ce, ƙanwar mahaifin mijinta Bube, wadda ta reni Buben kansa. Shi kuwa tun saukar damina ya yi arewa da shanu.

Yaro ya fara koyon zama ke nan idanunsa suka kaɗa suka yi ja. Kashegari kwantsa mai kauri ta liƙe su ruf, gashin ido ya manne. Gwaggo ta ce a tatsa masa nonon uwa a ciki, aka tatsa. Ta rambaɗa masa kwalli daga tandunta, ido ya ƙara kumbura. Zulaihatu na daka, tana jin kukansa, fuskarta ba yabo ba fallasa. A rugar da ta tashi akwai wani dattijo da ake ja da sanda, kuma kowa ya san ciwon ido ne ya ci shi tun yana goye.

Ran kasuwa suka hau amalanken jaki zuwa likita. Majo, wato babbar ma'aikaciyar jinyar da ke kula da wurin, wata mai suna Hindatu, ta goge idon da auduga, ta duba, ta tambayi wace ce uwarsa. Zulaihatu ta dubi yatsun ƙafarta. Gwaggo ta amsa cewa ita ke riƙonsa, da ita za a yi magana.

Majo ta ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga, kuma an zo da sauran lokaci. Ta fito da 'yar kwalbar maganin ɗigawa, ta nuna yadda ake yi: a wanke hannu da sabulu, a goge kwantsa da ruwan da aka tafasa ya huce, a ja fatar ƙasan ido, a saki ɗigo ba tare da bakin kwalbar ya taɓa idon ba. Safe, rana, marece da kafin kwanciya. Ko ido ya washe kada a daina sai kwanakin da ta yanka sun cika, in kuma bai yi sauƙi ba a komo da shi. Kwalli da nono ta ce a jingine su. Gwaggo na ta gyaɗa kai kamar ta haddace. Wadda ta haddace tana bakin ƙofa, tana kallo da wutsiyar ido.

A gida aka ga abin da aka gani. Gwaggo dai mace ce mai zuciya, amma hannunta rawa yake yi, kuma idon nata ma rabonsa da zura zare a allura an daɗe. Sai ta kwantar da yaro, ta auna, ta matsa, ɗigo ya sauka a kumatu ya gangara bayan kunne.

"To, ya shiga," in ji ta, ta rufe kwalba.

Zulaihatu tana gani. Magani na raguwa, kumatun Lurwanu na shan antibiyotik, ido yana nan yadda yake. Ta buɗe baki ya fi a ƙirga, kunya ta rufe mata shi. Ta ce me? Ta ce wa tsohuwar da ta reni mijinta ba ta iya ba? Ta ce a ba ta ɗanta? Gobe a bakin rijiya sai a ce matar Bube ba ta da ta ido, kuma wannan suna har kabari yake bin mace.

Da safe ta ga yaron ya kasa buɗe ko idon hagun da jiya yake ɗan leƙe da shi. Ta ajiye ƙwarya, ta tsaya a kan Gwaggo da ke shirin aunawa. Ta ce, "Gwaggo, yaron ga... maganin ba shi shiga hwa."

Tsohuwa ba ta ɗago ba. Ta daɗe tana juya kwalbar a hannu. Zulaihatu ta jira faɗa, ta ma shirya masa. Sai Gwaggo ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗora kwalbar a kan faifai kusa da sabulu, ta ce maruƙan can sun dame ta da kuka, bari ta tahi ta ga ko igiya ce ta sarƙe. Babu maraƙin da ya yi kuka.

Zulaihatu ta wanke hannu har gwiwa. Ta ɗora shi a cinya, ta goge kwantsar a hankali, ta ja fatar kamar yadda majo ta nuna. Ɗigo ya faɗa inda ya kamata. Ya tsandara ihu, ita kuwa ba ta taɓa jin kukan da ya yi mata daɗi kamar wannan ba.

Daga ranar maruƙan nan suka shiga uku da kulawa. Safe Gwaggo na wurinsu, rana tana wurinsu, marece ma haka. In za ta dawo, tun daga nesa take fara tari, don a samu damar ajiye yaro a kau da kai. Kwantsa ta ragu, kumburi ya sace, ja ya fara dushewa. Zulaihatu ba ta tsallake ko ɗigo ɗaya ba har kwanakin suka cika.

Ranar ƙarshe, da ta goge masa fuska, ya buɗe idanu duka biyu tar, fari ƙal. Ya ƙura mata su, ya wangale baki ba haƙori. Wani sanyi ya sauko mata tun daga wuya har ciki. Gwaggo ta yi tari sau ɗaya, ta sake yi, ta yi na uku har ya zama na gaske. Zulaihatu ba ta ji ba.

Tsohuwa ta zo ta tsaya a kansu, ta kanne ido ta leƙa fuskar yaron.

"Alhamdulillahi. Kin ga hannuna da albarka," ta ce.

"Ƙwarai, Gwaggo."

Zulaihatu ta yunƙura za ta miƙa shi. Gwaggo ta maida hannuwanta baya.

"Riƙe min shi tukuna. Kafaɗar ga tawa ta hana ni sakat, ban san ran da za ta warke ba."