Harafi Mai Ƙugiya

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama maigidana, hannunsa na dama ya mutu, magana kuma ta tsaya masa a maƙogwaro. Ranar da za a sallame mu likita ya ja ni gefe ya ce in yi haƙuri, wasu masu irin wannan ciwon har mutanen gidansu suke mantawa. Ban faɗa wa kowa ba, na dai haɗiye abina.

Shi tsohon akawu ne, ya tsufa a kan tafireta. Ni kuwa sai da na aurar da manyan 'ya'yana na shiga ajin manya, shi ya sa yake tsokanata da Ɗaliba. Tun da ya kwanta ban sake jin sunan ba.

Autarmu ce ta kawo dabara. Ta ɗora masa tsohuwar kwamfutarta a kan teburin gefen gado, ta ce tunda hagu na motsi, ya riƙa rubuta abin da yake so. Ita da wasu mutane da ba su taɓa ganin juna ba suna gwada wani sabon tsarin madannai mai haruffanmu masu ƙugiya. Aikin sa kai ne, kuma manhajar a buɗe take, duk mai iyawa sai ya sa hannu ya gyara.

Da safe, bayan Auta ta tafi aiki, na kai masa shayi da dafaffen ƙwai. Ya dube ni, ya dubi farantin, ya miƙa yatsa yana lalube. Ya daɗe. Da na sunkuya sai na ga kalma ɗaya: bare.

A aji an koya mana mu karanta abin da ke rubuce, kada mu yi cinta. Na sake karantawa. Bare, wadda ba 'yar gida ba. Na gyara masa matashi, na fita tsakar gida, na zauna gaban kwanukan da na riga na wanke, na sake wanke su.

Da la'asar Auta ta dawo. Na ji ta shiga ɗakin, can sai ga dariya.

"Inna! Kin bar Baba da ƙwai tun safe yana ta roƙo a ɓare masa?"

"Ba haka ya rubuta ba," na ce.

Ta leƙo, ta ga fuskata, dariyar ta tsaya. Ta ja ni gaban kwamfutar ta nuna mini: kafin harafi mai ƙugiya ya fito, sai an danne wani madanni can gefen dama, a danna harafin a lokaci guda.

"Hannu biyu yake so, Inna. Duk mu masu gwajin hannu bibbiyu gare mu, ba wanda ya lura. Wallahi ɓare yake nufi. Ko ba haka ba, Baba?"

Ya gyaɗa kai. To amma tun da ya kwanta, ko me aka tambaye shi gyaɗa kai yake yi.

"Ke kika faɗa," na ce. "Shi bai faɗa ba."

Ta kai hannu za ta danne masa madannin, na riƙe ta. Ba na son a ara masa yatsa.

A ranar ta rubuta wa abokan aikinta. Akwai wani da suke kira Mai Gyara, ya ce zai mai da shi bi da bi: a taɓa madanni ɗaya a sake, sannan a taɓa harafin. Gyaran farko bai yi ba, wata lamba ce take fitowa a madadin harafin. Na biyu ya yi, amma madannin ya yi wa yatsan maigida nisa, har ya ture kofi garin miƙa hannu. Auta ta zauna bakin gado tana rubuta duk inda ya sha wuya.

"Baba, ka zama babban mai gwaji fa. An ce a gaishe ka."

Ya harare ta. Wannan hararar na san ta.

Ni dai ina kai abinci, ina ɓare ƙwai tun daga kicin, ba na duban allon.

Wata safiya Auta ta ce an turo na uku, yanzu madannin yana kusa da ɗan yatsansa na hagu. Ta karɓe farantin daga hannuna kafin in fasa ƙwan, ta ajiye gabansa, ta fita ta ja ƙofa.

Ya taɓa, ya saki, ya taɓa. Na tsaya ina kallon labule. Da ya buga gefen teburin da hannu sai na sunkuya.

Ɓare, Ɗaliba.

Na karanta a hankali, yadda aka koya mana. Ƙugiyoyin nan biyu suna nan daram. Bai gama ba, yatsan ya ci gaba da tafiya, ina biye da shi harafi bayan harafi.

Kuma kada ki farfasa shi kamar kullum.

Na zauna a bakin gadon, na ɗauki ƙwan. Na fara ɓarewa, rabin farin ya bi ɓawon. Ya duba, ya girgiza kai, ya buɗe baki in ba shi.