Ashirin a Kowane Kwalekwale

Jiya da azahar na yi wani mafarki, ina zaune gefen gadon 'yata Ramlatu a asibiti. Kwana uku gudawa na zuƙe ta, an ɗaura mata ruwa, ni kuwa ban runtsa ba sai a lokacin.

Na gan ni bakin wani kogi mai gudu zuwa kan tudu. Na gane shi, jijiyar hannun Ramlatu ce. Tana kwance a tsallake, leɓɓanta sun tsage kamar fadamar rani. A wannan gaɓa kuwa ɗigon ruwa ne suka yi layi, kowanne da ƙunshinsa a ka, suna jiran fito.

Sai ga nas ɗin asibitin, balbela ce. Ta miƙo mini takarda da baki.

"Ruwa mil ɗari uku za a ƙara mata a awa biyar. Kowane mil ɗigo ashirin ne. Ni na tafi, shanu na jira na."

"Sista, ai ban gama sakandare ba."

"Kin taɓa raba tuwon suna?"

"Na taɓa."

"To, shi ne."

Na durƙusa na zana a rairayi. Ɗari uku sau ashirin, ɗigo dubu shida. Awa biyar, minti ɗari uku. Ina rubutawa sai ga mintocin sun iso, kwalekwale ɗari uku, kwaɗi na tuƙawa. Na raba. Kowanne zai ɗauki ashirin.

Sai ga Goggo Lantana, goggon mijina, bisa jaki mai tafiya da baya.

"Ke 'yar nan, ƙirge-ƙirgen nan sai yaushe? Zuba su gaba ɗaya mu kama motar la'asar."

Kafin in yi magana ta kwashi ɗigo cikin zani ta juye a kwalekwale guda. Ya fara nitsewa. Can tsallake Ramlatu ta kumbura kamar salka, numfashi na sarƙe mata, ta soma tashi sama. Na jefa gyalena ya kamo ƙafarta. Da ɗaya hannun na riƙe na Goggo, abin da ban taɓa yi ba tun zuwana gidansu.

"Goggo, ki gafarce ni. Ƙirjinta ƙarami ne, ba zai ɗauka ba."

"Mu da muka haifi tara za a koya wa?"

"Ni ita kaɗai gare ni."

Ta saki zanin. Sannan ta sauka daga jakin, ta zaro carbi. Ina lodi tana ja, jakin yana tsare layi. Ramlatu ta sauko a hankali, ciyawa ta tsiro a leɓɓanta.

Ƙarar cokali a kofin silba ce ta tashe ni. Ramlatu ce zaune tana kankare sauran koko. Goggo ta ƙura wa robar ruwan ido, bakinta na motsi. Na buɗe baki, ta ɗaga mini hannu.

"Yi shiru, kar ki ɓatar da ni. Sha takwas, sha tara."