Gwadon Sanoussi

Da Munira ta fita takaba, abin da ya rage mata na mijinta Sanoussi bai wuce shago ɗaya a unguwar Guéma ta Parakou ba, sai kwamfutar da ke cikinsa. Da ita yake tsara katin biki da na suna, da kalandar da ake rabawa ranar walima, kuma rabin amaren Parakou hotonsu ya bi ta cikinta. Munira ba baƙuwar aikin ba ce. Tun yana raye ita ke zaɓen launi, ita ke gyara fuskar amarya idan mai hoto ya ɓata ta, har masu kawo aiki kan ce a jira Madam ta zo. Don haka da dangi suka zauna kan maganar ta tattara ta koma gidan mahaifinta a Sérou, ta ce ba inda za ta. Shagon nan zai riƙe ta.

Issaka, wan marigayin, mai shagon buga takardu a Djougou, shi ya yanke magana, da muryarsa mai sanyi da mutane ke yabo.

"A bar ta ta gwada," in ji shi. "In ta iya, madalla. In abin ya fi ƙarfinta, sai in ɗauki injin, kada kayan ɗan'uwana ya lalace a banza."

Ranar da ta sake buɗe shagon, ta share, ta goge, sannan ta duba ƙarƙashin tebur ta ga akwatin kwamfutar a tsirara. A gidansu ba a barin abu mai daraja haka. Talabijin da leshinta, kwanukan jere da nasu, keken ɗinki ma da rigarsa. Ta sha jefa wa akwatin nan ƙyalle Sanoussi yana yayewa yana dariya, yana cewa, "Bar ta ta sha iska." Ita kuwa ta ɗauka zolaya ce irin tasa. Yanzu ba mai yayewa. Ta ɗauko gwadonsa mai kauri, saƙar hannu, wanda yake yafawa da asuba, ta naɗe akwatin tsaf, gaba da baya. In ta zauna aiki ƙafarta na taɓa shi, ƙamshinsa na tasowa, sai ta ji kamar ba ita kaɗai ba ce a shagon.

Nan fa masifar ta soma. Ta kunna, komai lafiya, ta yi nisa a aiki, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Ba gargaɗi, ba sallama. Ta jira ta sake kunnawa, wannan karon ko rabin tafiyar ɗazu ba za ta yi ba. Katin wata amarya sau nawa ta fara shi daga tushe, har uwar amaryar ta zo ta karɓe hotunanta tana tsaki.

Ta zargi wutar lantarki, ta sayo na'urar daidaita wuta. Ta canza waya, ta canza soket. Da abin ya ƙi, ta kwance gwadon ta ninke, ta rungumi akwatin a bayan ɗan babur zuwa wajen Rilwanu mai gyara. Rilwanu ya buɗe, ya hura, ya taɓa nan ya taɓa can, ya bar ta a kunne tun hantsi har la'asar.

"Madam, ordinatè ɗinki ba ta da komai," ya ce. "Voilà, ga ta nan tana aiki. Sai dai ko wutar unguwarku ce."

Ta kai ta shago da murna, ta mayar mata da gwadonta, kafin a kira magariba ta mutu. Haka aka yi ta yi: wajen Rilwanu lafiya lau, a Guéma gawa. Shi bai taɓa takowa shagon ba, ita kuma bai taɓa zo mata a rai ta ambaci gwado ba. Wa ke gaya wa mai gyara da me yake rufe kayansa?

Bakin mutane kuwa ba ya jiran hujja. Maƙwabta suka fara raɗa cewa marigayi mai kayan ne bai yarda ba. Wannan magana ta fi komai ci mata rai, don a ɓoye ta fara yarda da ita. Takan zauna gaban baƙin gilashin ta ga fuskarta, ta ce, "Me na yi maka, Sanoussi?"

Issaka ya zo duba ta. Ya zauna, ta nuna masa yadda abin ke yi. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya ɗora tafinsa a kan gwadon, ya ɗan jima, ya janye hannun ya shafa a rigarsa.

"Kin kyauta da kika rufe ta," ya ce. "Haka ake girmama kayan mamaci. Sauran kuma, Munira, akwai abin da ba a ja da shi."

Har hawaye ta yi don jin daɗin an fahimce ta. Ba a daɗe ba aiki ya ƙafe, ta mayar wa wanda ya ba su hayar shagon mabuɗinsa, wani mai sayar da wayoyi ya shige shagon. Ita da kanta ta naɗe akwatin cikin gwadon, ta miƙa wa Issaka, ta ce, "Yaya, ka yafe mini, na kasa." Ta hau motar Sérou.

Bayan damina matar Issaka ta haihu, Munira ta shigo Djougou suna. Ta biya ta shagonsa kusa da kasuwa don ta gaishe shi. Shagon cike da mutane, injin bugawa na tofar da katunan biki, wasu ma da irin furannin da ita ta zana. Ga akwatin Sanoussi a saman tebur, tsirara, yana ta gurnaninsa hankali kwance. Ashe da gaske ita ce bai yarda da ita ba.

Sai ta hango gwadon. An shimfiɗa shi a bakin ƙofa, masu shiga na goge jar ƙasar takalmansu a kai. Ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta ninke gefen da ya fi tsabta, ta nufi teburin don ta rufa wa kayan mijinta asiri.

"Ke!" Issaka ya zabura har kujerarsa ta faɗi. "Kar ki rufe! So kike zafi ya kashe min ita? Ta ina za ta sha iska?"

Munira ta tsaya da gwadon a hannu. Ta tuna dariyar Sanoussi. Ta tuna tafin Issaka a kan gwadon nan a Guéma, da yadda ya janye shi ya shafa a riga.

"Yaya," ta ce a hankali, "ranar nan da zafi ka ji shi, ko?"

Issaka ya ɗaga kujerarsa, ya gyara hula, muryar nan mai sanyi ta dawo.

"Ki wuce gida, mata na jiranki. Ba a wannan maganar a gaban mutane."

Ba ta je gidan sunan ba. Ta rungume gwadon ta nufi tasha. A cikin mota ta kai shi hancinta, ta shaƙa, ta sake shaƙa. Babu sauran ƙamshin Sanoussi a jikinsa, sai warin ƙasa da takalman mutanen Djougou.