Ranar da Likita Ya Yarda

Kowace safiya, da zarar gari ya yi haske, Zubaidatu takan zauna a bakin ɗakinta ta zura zare a allura goma sha biyu, ta soke su a jikin wani tsumma, ta saka wa mijinta a aljihu. Malam Ƙasim aikin hannu yake yi wa manyan riguna, shekara talatin ke nan, kuma duk Gwarzo an san hannunsa. Abin da ba a sani ba shi ne, yanar ido ta rufe masa na hagu ruf, ta fara taɓa na dama. Zane dai yana iya bi da ɗan ragowar gani da sabo, amma kafar allura ta fi ƙarfinsa. In allurai goma sha biyun nan suka ƙare, aikin ranar ya ƙare.

Akwai wasu likitocin ido da kan zo garin sau ɗaya a shekara su yi wa mutane aiki. An rubuta sunansa, saura wata uku su iso. Sai dai Musbahu, ma'aikacin lafiyar da ke duba shi, ya gaya musu gaskiya ba kwana-kwana: sukarin da ke jinin Malam ya yi yawa, kuma in bai sauka ba, babu wanda zai taɓa idon. Sai wata shekarar, in na daman ya jira.

"Shayi mai sukari, a'a. Lemon kwalba, a'a. Waina, funkaso, alkaki, duk a ajiye. Tuwo malmala ɗaya ƙarama, sauran cikin a cika shi da ganye da wake."

Malam Ƙasim ya sunkuyar da kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Tausayi ya kama Zubaidatu, kuma wannan tausayin ne har yau in ta tuna take jin kamar ta mari kanta.

"Likita, ko rana ɗaya a mako ba za a ɗaga masa ƙafa ba? Ko Juma'a ce?"

Musbahu ya ja numfashi. "Inna, ni ba na son wannan ranar. Wani tana taimaka masa ya jure sauran kwana shidan, wani kuma ita ke rushe masa komai. In za a yi, to ci ɗaya ne, da rana, ba wuni guda ba. Kuma ke za ki zuba masa da hannunki."

Yayarta Naja'atu da ke aure a Dugabau, da ta ji labari a waya, tsaki ta yi. "Ke da bakinki kika roƙa? Mutumin da na sani, wanda ko azumi sai ya leƙa tukunya tun la'asar? Ki hana shi gaba ɗaya, ya yi fushinsa na wata uku, idonsa ya buɗe."

"Yaya, mutum ne fa, ba akuya ba. In babu ranar da yake sa rai, ba zai jure ba."

"To, mu zuba ido."

Haka aka fara. Zubaidatu ba ta iya girki biyu a gida ɗaya ba, kuma ba za ta zauna tana tsotsar ƙashi miji yana tauna ganye ba, sai ta shiga dokar ita ma. Kwaɗon zogale, faten wake, tuwon alkama ɗan mitsitsi da miyar kuka wadda mai bai ko gilma ta kusa da ita ba. Da daddawa da citta take yaƙi don abin ya ciwu. Cikin wata biyu zaninta ya fara zagaye ta har ya yi saura, wuyanta ya fito, mata suka fara tambayarta ko lafiya.

Ran Juma'a kuwa, in an sauko daga masallaci, takan yi masa shinkafa da miyar kaza. Malam ya zauna ya lumshe ido, ya ci, ya suɗe hannu, ya ce, "Kai, Zubaida, kwana shida ina mafarkin wannan." Ita kuma baiwar Allah sai ta juya baya ta goge ƙwalla.

Abincin dare ba a gida yake ci ba. Tun kafin ya aure ta suke ciyayya shi da abokansa biyar a gindin darbejiyar ƙofar gidan ɗayansu, Mudi: bayan magariba kowa ya fito da kwanon gidansa, a haɗa a tsakiya a ci. Ya rantse mata cewa nasa kaɗai yake ci, kuma kullum kwanon yana dawowa tas. Abu ɗaya ne ya dame ta: ita tana ta zubewa, shi kuwa tumbinsa na nan daram. Da ta yi magana sai ya ce jikin namiji ba ya saurin nunawa. Sau biyu kuma ranar komawa wurin Musbahu tana zuwa, ya ce aiki ya yi masa yawa.

Saura kwana biyar likitoci su iso, ran Lahadi, aka yi suna a Kabo, gidan ƙanwarsa Kamila. Matan unguwa suka cika mota guda suka raka Zubaidatu. Bayan an ci an sha, ana zaune a ɗakin mai jego, sai Altine matar Ja'afaru, abokin ciyayyar Malam, ta matso kusa da ita ta rage murya.

"An ce ba kya son a yi zancen, amma wallahi Malam yana ba ni tausayi. Shi ya sa duk Talata, ranar nan da likita ya yarda masa, nake dagewa in yi funkaso, in malala masa zuma."

Zubaidatu ta dube ta. "Wace Talata?"

Kafin Altine ta amsa, Maryamu matar Mudi ta juyo. "Litinin dai. Ni maigidan ya ce min Litinin ce. Waina nake yi da miyar taushe, in haɗa da kunun gyaɗa, ya ce Malam yana son ya ji sukari sosai."

Wata daga bayan ɗaki ta ce ita Asabar aka gaya mata. Wata ta ce Laraba. Mai Lahadi kuwa rufe baki ta yi da mayafi, don ta bar nama a wuta ta ce 'yarta ta ƙarasa. Kamila, da jariri a cinya, ta yi ƙasa da kai ta ce, "Yaya in ya kawo riguna Kabo ran Alhamis nan yake biyowa. Ya ce Alhamis ce. Dambun shinkafa nake masa, da fura, da lemo mai sanyi."

Matan suka kalli juna. Sai wata ta ƙyalƙyale da dariya, saura suka kama, don abin in ba a kanka ya faɗa ba, abin dariya ne. Ƙattai biyar masu gemu sun zauna sun raba kwanakin mako, kowa ya koma gida ya yi wa matarsa ƙarya da ciwon abokinsa, don su samu liyafa kullum. Zubaidatu ba ta yi dariya ba. Hannunta ta kalla, yadda awarwaro ke zamewa har gwiwar hannu. Kafin magariba motar ta dawo da su Gwarzo.

Shekararta ashirin da shida a unguwar, ba ta taɓa tsayawa a gaban majalisar maza ba. Ran nan ana idar da magariba ta zura hijabi ta fita. Ta same su sun kewaye babban kwano, shinkafa tana ƙyalli da mai, nama a sama, hannun Malam Ƙasim tsundum a ciki. Kwanonta kuma yana can gefe a gaban Baƙo, dattijon cikinsu.

Ta yi sallama. Suka amsa a rarrabe. Malam ya ɗago yana ƙifta ido, bai ma gane ta ba sai da ta sake magana.

"Sannunku da hidima. Na zo in ji yau ranar wa ce."

"Zubaida, mene ne haka? Koma gida, ina zuwa."

"Ba da kai nake ba tukuna, Malam." Ta juya ga Ja'afaru. "Alhaji, kai ne mai Talata ko? Ka san abokinka ba ya ganin kafar allura? Ka san ni nake zura masa zare kullum, don kada masu riguna su gane su kwashe aikinsu?"

Ja'afaru ya goge hannu a gefen tabarma. "Haba, Hajiya, abin bai kai nan ba. Mutum ya wuni yana aiki, a ce ya kwana da ganye a ciki? Mu gani muka yi, tunda likita da kansa ya yarda da rana ɗaya, ai abin ba haramun ba ne. Ɗan abin da zai ci a cikinmu..."

"Rana ɗaya ya ce. Ni na roƙa, da bakin nan nawa. Ku kuka mai da ita bakwai."

Mudi ya ce, "Ciwo da sauƙi ai duk na Allah ne."

"Allah ne ya ce ka gaya wa Maryamu Litinin?"

Mudi ya kau da kai. Sai Baƙo, wanda kunnensa ya yi nauyi bai gama fahimtar abin da ake ciki ba, ya ɗaga kwanonta yana murmushi. "Ke ce mai wannan girkin? Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wata biyu ke nan ni nake cinye shi. Kin ga ƙafata, kumburin duk ya saɓe, har masallacin Juma'a nake takawa yanzu."

Nan ne hawayen ya zo mata, na baƙin ciki tsantsa. Wato maganin yana aiki. Duk tsinkar zogalen nan, duk surfen alkamar nan, duk yunwar da ta kwana da ita, sun yi aiki sarai, a jikin wani. Ta karɓi kwanonta daga hannun tsohon, ta juya ta tafi.

A gida Malam ya biyo ta da faɗa, wai ta tona masa asiri a gaban mutane, yanzu kowa ya san ba ya gani. Ta ce da shi, "Nan da wata shida ko ban faɗa ba za su sani, ranar da ka faɗa kwata." Daga nan ya koma lallashi: kunya ce ta hana shi ƙin abincin abokai, ya za a yi a sa hannu a kwano shi ya janye nasa, kuma ai saura kwana biyar, zai kame bakinsa. Ya kame kuwa. Kwana biyar bai je gindin darbejiya ba, ya ci ganye har yana haɗawa da ruwan ɗumi.

Ran Juma'a suka bi layi tun safe. Aka ɗebi jininsa, aka ce su jira. Da aka kira su, likitar ta dubi takarda ta dubi Malam, ta ce wannan gwajin ba abincin jiya yake nunawa ba, na watannin baya yake nunawa, kuma ba za ta sa wuƙa a idon da ba zai warke ba. Ta ce su dawo baɗi, su kuma yi addu'a na daman ya kai. Musbahu yana tsaye a gefe, Zubaidatu ba ta iya haɗa ido da shi ba. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da wata tsohuwa an rufe mata ido ɗaya da auduga, jikokinta suna riƙe da ita tana ta hamdala.

Asabar, Lahadi, Litinin, Malam bai fita ba. Ran Talata da safe ya ɗauko rigar wani Alhaji da aka kawo tun kafin azumi, ya zauna a tsakar gida inda haske ya fi yawa, ya laluba aljihu. Tsumman yana nan, allurai goma sha biyu a soke, babu zare ko a ɗaya.

"Zubaida."

Tana bakin murhu, ba ta juyo ba.

"Zubaida, allurar nan."

"Yau wace rana ce, Malam?"

Ya ce, "Talata."

"To kai wa Altine. Ni ranata Juma'a ce."

Ya daɗe yana kallon wajen da muryarta ta fito. Sannan ya zaro allura ɗaya, ya lashi bakin zaren, ya ɗaga su sama saitin rana, ya karkata kai ya kawo idon dama kusa. Zaren ya wuce ta gefe. Ya sake lasa, ya sake kaiwa, ya sake wucewa. Zubaidatu tana jin numfashinsa daga inda take. Ta jawo kwalbar man gyaɗa da ta ɓoye a bayan randa wata uku, ta buɗe, ta tsiyaya a tukunyar miyarta.