Lambar Shugaban 'Yan Kabu-kabu

Safiatou ta faɗo gida da gudu, ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ɗan jima tana koyon rubuta wa kwamfuta umarni a gidan matasa na Magaria, yau kuwa ta kama bakin zaren: layi biyu kacal, sai na'ura ta jero lambobi da haruffansu, MG-01, MG-02, har inda aka ce ta tsaya.

Mahaifinta Malam Halilu, shugaban 'yan kabu-kabun unguwa masu haya da babur, bai ga amfanin wannan karatu ba. Shi ke kai ta a babur, daidai lokacin da fasinja ke yawa, don haka ya ce ƙarshen wata ta bari.

"Baba, ba meri, ofishin magajin gari, ta ce kowa ya manna nimero, lambar shaida, a bayan rigarshi ba? Ni zan yi muku. In ya yi kyau, ka bar ni in ci gaba."

"In ya yi," in ji shi.

Su arba'in ne. Ta sa umarnin a wayarta, daga ɗaya zuwa arba'in, aka buga mata a shagon da ke kusa da tasha, ta kwaso takardun tana rawar ƙafa. Dubawa? Ina! Murna ba ta bar ta ba.

Mahaya suka taru a inuwa, sai shewa ake yi. Maiwada, sarkin surutun tasha, ya ɗaga tasa sama yana cewa yau ya zama ma'aikacin gwamnati. Malam Halilu ke rabo, kuma kowa ya san mai rabo shi ke ɗaukar ta ƙarshe. Ya miƙa ta talatin da tara, ya duba hannunsa, wayam.

"Shugaba, ordinatar ta tsige ka!" in ji Maiwada, yana nufin kwamfuta. Wurin ya kaure da dariya.

Kunya ta rufe Safiatou, kamar ta nutse. Sai ta tuna abin da malaminsu ya sha nanatawa: wannan umarni ba ya haɗawa da lambar da aka tsayar da shi a kanta. Nan take ta mayar da arba'in ta koma arba'in da ɗaya, ta danna. Ga MG-40 nan ta fito a ƙasa! Ta daka tsalle, ta kai wayar har gaban hancin mahaifinta.

Ya ƙura ido. "Mu arba'in ne. Wane ne na arba'in da ɗayan?"

"Ba kowa, Baba. Sai an ƙara shi kafin na ƙarshe ya samu shiga."

Ya sake duban wayar. Can ya tayar da babur, ya sallami wata fasinja da ke shirin hawa.

"Hau," ya ce wa 'yarsa. "Mu je a bugo tawa. Daga nan in aje ki lakwal wurin karatunki, kar Mushe, malamin naku, ya fara ba ki nan."