Awon Azahar

Gara in faɗa da bakina: wata takwas ke nan ban hau saman bene na ɗauki awon azahar ba. Matakala arba'in da biyu ce, gwiwata ta dama kuwa ta riga ni yin ritaya.

Aikina a ƙaramar tashar duba yanayi bai taka kara ya karya ba. Sau huɗu a yini nakan duba ma'aunin nauyin iska da ke sama, in aika da lambar hedikwata, wata babbar kwamfuta ta haɗiye, ta haifo hasashen gobe. Sau uku ina hawa. Na azahar kam, sai in ɗauko lambar safe, in tambayi gwiwata. In tana zugi in rage kaɗan, in ta yi shiru in ƙara.

Rannan sai ga wata yarinya daga hedikwata, da tabarau da jaka, wai za a rufe duk tashar da ba ta tsinana wa hasashe komai. Na ba ta kujerar da ba ta girgiɗi.

Duk da haka na kasa haɗiye tambayar da na shekara ashirin ina tauna: in lambata ta isa can, me ake yi da ita?

Ta ce kwamfutar kamar alƙali take. Tana da nata zaton tun kafin a zauna, sannan ta saurari shaidu: jiragen sama, tauraron ɗan'adam, da irinmu. Wanda ta yarda da shi sai ta gyara zatonta da maganarsa, wanda ya yi nisa da hankali ta kore shi. Don a san amfanin tasha, sukan maimaita hasashen wata guda, sau ɗaya da shaidarta, sau ɗaya babu.

"To ni fa, 'yata? Alƙalin ya taɓa kulawa da ni?"

"Abin da ya kawo ni ke nan, Baba. Uku cikin huɗu na lambobinka korarsu take yi. Amma na azahar, duk ranar da aka cire shi sai hasashen ruwan gobe ya karkace a yankin nan. Me kake yi daban da azahar?"

Na ce ƙwarewa ce kawai, na gyara zama.

Ba ta yarda ba. Ta haye saman a guje, ni ina biye ina ƙirga zunubaina matakala-matakala. Na tarar tana ƙwanƙwasa gilashin ma'aunin da farce. Allurar ta yi tsalle, ta koma wani wurin.

"Tsatsa ta kama ta, tana maƙalewa. Yaushe rabon da a duba ta?"

Na dubi sama, kamar mai nazarin gajimare.

Ashe duk hawan da na yi da gaskiya, ina haki, ƙarya nake saukowa da ita. Sai na faɗa mata zancen gwiwa. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta tambaye ni zugin yakan fara ne kafin hadari ko tare da shi, ta rubuta. A rahotonta dai ta sa cewa awon azahar ya cancanci a bar tashar. Sabon ma'auni kuma sai baɗi, kafin nan in ci gaba yadda na saba.

Na koma gida ina taƙama, na ce wa maiɗakina yau kimiyya ta san da zamana. Ba ta ɗago daga guga ba, ta miƙo mini takardar asibiti.

Ranar Talata za a yi wa gwiwar aiki.