Ruwan Buta a Kan Famfon Mai

Kwana arba'in da ɗaya bayan rasuwar matarsa Hajiya Mu'minatu, Alhaji Barau na Aujara ya kai tsohuwar Fijonsa gareji a Dutse. Direba ne shi tun zamanin da hanyar Ringim take burji, kuma a ganinsa wanda ya koyi tuƙi a hannun marigayi Oga Jaji ba ya buƙatar bakanike ya gaya masa ciwon motarsa.

Ciwon kuwa ya shekara biyu. Da sanyin safiya motar kan tashi lafiya lau, amma da zarar inji ya ɗauki zafi sai ta fara fizga, a taka totur ta ƙi amsawa, daga bisani ta mutu. Yawanci a gindin wata tsamiya take yin haka, gab da Kiyawa. Alhaji sai ya ɗauko buta ya kwarara wa famfon mai ruwa, kamar yadda ya ga Oga Jaji yana yi, ya jira rabin awa, ta tashi. Hajiya ta sha roƙonsa ya kai ta a duba, shi kuma yakan ce da butar nan aka yi ta jigilar gyaɗa zuwa Kano tun kafin a haifi bakanikan yanzu.

Ranar da numfashin Hajiya ya sarƙe, ya ɗauko ta zuwa asibiti a Dutse, motar ta tsaya a gindin tsamiyar nan. Ya zuba ruwa, ya jira, babu motar da ta wuce. Ko da suka isa, rai ya yi halinsa. Likita ya ce da ma an iso da wuri. Tun daga ranar, abu ɗaya Alhaji yake son sani: ƙaddarar ƙarfe ce kurum, ko da hannunsa a ciki?

Yahuza bakanike, wanda ya yi wa Hajiya salla tare da jama'a, ya saurari bayanin. Ya bar inji yana aiki, bonet a rufe, har ya fara fizga ya mutu. Ya zare bututun mai, ya roƙi Alhaji ya murɗa makulli. Fetur ya yi tsartuwa, famfo lafiyarsa ƙalau. Ya cire wayar fulogi ya kusanta ta da ƙarfe, aka sake murɗawa; wutar da ta fito ja ce, da ƙyar ake ganinta. Sannan ya taɓa koyil, gwangwanin da ke ba fulogi wuta, ya janye hannu da sauri saboda zafi. Ya jiƙa tsumma ya naɗe shi. Ba a yi minti uku ba motar ta tashi.

Alhaji ya fito ya leƙa. Tsakanin koyil ɗin da wurin da ya shekara biyu yana zuba wa ruwa bai wuce taƙi biyu ba.

“Yahuza, ashe ba ruwana ne yake tayar da ita ba?”

Yahuza ya sunkuyar da kai, ya ce jiran ne yake sa koyil ya huce da kansa. Ya ƙara da cewa rai na Allah ne, kuma ajali ba ya wuce lokacinsa.

“Wannan na karanta shi tun kana goye. Tambayarka nake yi a kan sana'arka. Da a kan koyil ɗin nan na zuba ruwan, minti nawa za ta yi ta tashi?”

“Baba Alhaji, kamar yadda ka gani.”

Aka sa sabon koyil. Alhaji ya ce a ba shi tsohon, ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun babbar riga.

A hanyar komawa motar ta yi ta gudu sumul, har ta nufi wuce tsamiyar ba ko fizga ɗaya. Shi ne da kansa ya taka birki. Ya kashe inji, ya dubi kujerar da Hajiya take zama tana ce masa, “Alhaji, don Allah a kai ta gareji.” Ya ɗauko butar, ya yi alwala da ruwan, ya yi sallar la'asar. Sai da rabin awar nan ta cika cif, sannan ya murɗa makulli.